Randunan Iya

Tun da Yaya Nu'uman ya rasu bara nake jin ana ta yabonsa a rediyo. Wai shi ne uban tsafta a ƙasar Daura, shi ya raba ƙauyuka da kurkunu, shi ya yi kaza, shi ya yi kaza. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma ni Saudatu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, in na ji sai takaici ya kama ni, don wallahi bakunan nan su ne suka yi shekara da shekaru suna kiransa likitan salga. Kuma a cikinsu babu wanda ya san abin da aikin nan ya ci masa a cikin gida. Ni na sani. Ya hana ni faɗa yana raye, yanzu kuwa da shi da wadda ake ɓoye wa duk ƙasa ta rufe musu ido.

Shi ne ɗan fari a wurin Iya, mahaifiyarmu. Kunyar ɗan fari kuwa irin ta Iya sai dai a ce masha Allah. Ba ta kama sunansa. Muna yara "wancan" take ce masa, da ya gama karatun likita a Zariya ya dawo sai ta koma cewa "Likita", shi ma sai ta kama dole. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta tambayarsa yaya aiki. In tana da magana da shi, ni take kallo ta ce, "Saude, gaya wa Likita," alhali ga shi nan durƙushe a bakin ƙofa yana ji. Abu ɗaya ne take yi masa. In ya shigo gaishe ta da safe, sai ta miƙe da kanta, ko da muna zaune mu goma a ɗakin, ta ɗebo ruwa a randar ɗakinta ta ajiye a gabansa ta juya. Shi kuma ya shanye tas. Iyakar hirarsu ke nan, kuma duk gidan mun san a cikin kwanon nan son da take yi masa yake.

Da ya dawo daga karatu kowa ya ɗauka zai zauna a asibiti da farar riga yana rubuta wa mutane allura. Ya zauna ɗin na 'yan shekaru. Wata rana ya ce da ni, "Saude, yaron da na sallama wancan watan shi ake dawo mini da shi wannan watan, da gudawar nan dai. Ina yi masa magani, yana komawa gida ana ba shi ciwon a kofi." Ba a jima ba ya nemi a mayar da shi sashen kula da lafiyar jama'a. Ya ajiye farar riga ya hau babur. Yau yana ƙauyukan Sandamu yana leƙa rijiya, gobe yana Dutsi yana raba wa mata ƙyallen tace ruwan tafki, jibi yana Mai'adua ya tsare mahauta a kwata sai sun wanke wurin yanka. Gida gida yake shiga ya ce a nuna masa salga. Kai, mun sha surutu! Mata in sun gan ni a biki sai su ce, "Saude, duba-gari ma ai yana da masu yinsa, sai likita sukutum?" Ni kuma ba na barin ta kwana, na yi faɗa a kansa har na gaji. Shi ko a jikinsa.

Ana cikin haka Baba ya rasu. Malam Dabo tela ne, bai bar komai ba sai keken ɗinki da gidan da muke ciki. Iya ba ta da halin gina masallaci ko haƙa rijiya da sunansa, sai ta sayo randuna biyu manya ta sa aka girke su a gindin darbejiyar ƙofar gida, ta ce ruwan sadaka ne, Allah Ya kai ladan kabarin Malam. Gidanmu a kan hanyar tasha yake. Direbobi, 'yan kasuwa, mutanen ƙauye da suka shigo gari, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya sha.

Kada ku ɗauka ruwan sadaka ne irin na jeka-na-yi-ka. Kafin gari ya waye sosai an wanke randunan ciki da bai, an turara su, an jefa jema, 'yan garuwa sun cika su. Ta sa an zuba yashi a ƙarƙashi ana jiƙa shi. Moɗar da ake sha da ita kullum sai ta sa an shigo da ita ta cuɗe ta da toka da hannunta. Ruwan ya yi sanyi har haƙori, ga ƙamshi. In wani ya sha ya ɗaga murya ya ce, "Allah Ya jiƙan mai ruwa," Iya tana jiyowa daga tsakar gida, sai ka ga ta tsaya da abin da take yi ta ce amin. Da wannan amin ɗin ta yi zaman rashin miji.

Sai ga wata damina amai da gudawa ya ɓarke. Wanda bai ga wannan ciwo ba ba zai gane ba. Mutum ku gaisa da shi da safe, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, kafin wata safiya an kai shi. Yaya ya daina kwana a gida. A lungunmu aka rasa Hussaina, 'yar maƙwabcinmu Malam Usman, yarinyar da Iya ce ta yanke mata cibi, ita take yi mata kitso, ita take ajiye mata ƙanzo. Ranar da aka fita da gawar yarinyar Iya ba ta ci abinci ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Yaya ya zo ya aika a kira ni zaure. Lokacin ina gida, na zo taya Iya zama saboda halin da ake ciki. Na same shi a tsaye ya rame, wandonsa duk taɓo.

"Saude, zauna," ya ce. "Maganar da zan faɗa miki, daga ni sai ke."

Ya ce ya bi sawun waɗanda suka fara kwantawa. Akwai wani direba ɗan Mai'adua, da mai sayar da gero daga Sandamu, da wata mata daga Dutsi da ta shigo gari dubiya, da Hussaina, da wasu. Garuruwansu daban, rijiyoyinsu daban, ba su san juna ba. Abin da ya haɗa su ɗaya ne, duk sun sha ruwa a ƙofar gidanmu. Ya ɗebi ruwan ya kai an auna, ciwon yana ciki.

Na miƙe tsaye. "Haba Yaya! Ruwan Iya? Ka taɓa ganin mai tsafta irin Iya a garin nan?"

"Ruwan da ake zubawa da safe lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Hannaye ne. In rana ta yi ruwan ya ja ƙasa, moɗar ba ta kaiwa sai mutum ya zura hannu har gwiwa. Mutum ɗaya da ya taso daga jinyar mai ciwon ya isa."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na koma na zauna.

"Iya ba za ta ji wannan ba," ya ce. "Ko yau, ko bayan raina. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa, ina kuka. Muka shiga ciki tare.

Ya durƙusa inda ya saba. Iya ta tashi ta ɗebo masa ruwa, ya sha. Sa'an nan ya yi bayani a hankali, ya ce a irin wannan lokaci duk ruwan da hannaye da yawa suke shiga yana iya ɗaukar ciwo, a bari a ɗauke randunan. Zai kawo tanki mai famfo, a riƙa sa magani a ciki, kowa ya murɗa ya sha, sadakar ba za ta tsaya ba.

Iya ta dube ni. "Saude, gaya wa Likita, ruwan roba mai zafi yana warin magani shi zan ba bayin Allah in ce sadakar Malam ce? Ni ban iya wannan rowar ba."

"Iya, na ɗan lokaci ne."

"Gaya masa, ranar da aka fita da Malam na ɗauki alkawari, muddin ina numfashi randunan nan ba za su bushe ba. Salgar mutane ta ishe shi, ya bar mini ƙofar gidana."

Ya sake roƙo, ta jawo faifanta ta ci gaba da tsince wake. Ya daɗe a durƙushe. Daga nan muka jiyo ƙarar murfin randa a waje, wani ya tsaya zai sha. Yaya ya miƙe ya fita da sauri, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Na bi shi.

Wani dattijo ne da kaya a ka. Yaya ya karɓe moɗar daga hannunsa ya ba shi haƙuri. Ya naɗe hannun riga, ya kama bakin randar farko ya karkata ta. Ruwan ya malale lungun, ƙamshin jema ya tashi, mutane suka fara taruwa. Ya kama ta biyu ke nan sai muka ji murya daga bakin zaure.

"Nu'umanu."

Iya ce, ta fito har ƙofar gida, matar da ba ta leƙa zaure. Wannan ne karo na farko da ya ji sunansa a bakinta tun da ta haife shi.

"Sake ta," ta ce.

"Iya, ki yi haƙuri," ya ce, bai juyo ba. Ya tuntsurar da ita.

Iya ta tsaya tana kallon ruwan yana bin kwata. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ba zan yi maka baki ba, don ni na haife ka. Amma yadda ka hana ubanka ruwa, kai ma ka gama shan ruwa a hannuna."

Ta koma ciki. Shi kuma ya sa aka zo da mota aka kwashe randunan.

Washegari aka yi shela a gari da ƙauyuka, duk randar sadaka da ke bakin hanya ko ƙofar masallaci a ɗauke ta sai ciwo ya wuce. Dalili biyu ne ya sa ya nemi a yi hakan, don a tare ciwon, kuma don kada wani ya gane cewa daga tamu aka fara. Da a wani lokaci ne da an sha rigima. Amma labari ya riga ya zaga, sai mutane suka riƙa cewa, "Wanda bai bar randar uwarsa ba, taka zai bari?" Kowa ya ɗauke tasa. Kafin damina ta janye ciwon ya lafa.

Daga nan fa aikinsa ya ɗaukaka. Waɗanda suke rufe masa ƙofa suka koma aiko masa. Ya bi ya tsaya aka haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da ba su taɓa sanin ruwa ba sai na tafki. Ya sa aka gina makewayi a kasuwanni da tashoshi. Ya horar da matasa aikin duba-gari, ya koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Shi ya zauna da masu ginin tukwane har suka iya yin randa mai famfo a gindi, ga sanyi, ga ba a sa hannu. Ta farko da aka gasa ƙofar gidanmu ya kawo. Iya ta ce a gaya wa Likita ya ɗauke kayan gwamnati daga ƙofarta, ita an riga an karya mata alkawari.

Kullum safiya yana zuwa, bai taɓa fashi ba in yana gari. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa. In ya zo da direba, sai ta ce, "Saude, kai wa baƙon da ke waje ruwa." Shi kuwa ko kallon randar ba ta yi. Wata rana abin ya ishe ni, na tashi na ɗebo na ajiye masa. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "Na gode, Saude." Ya tashi ya bar shi a nan cike. Kawu Sha'aban, ƙanen Iya, ya zo ya yi magana har sau ba adadi, ta ce ita ba ta tsine wa kowa ba, ruwa ne dai nata, ta ba wanda ta ga dama. Haka furfura ta fito wa Yaya, ya aurar da 'ya'ya, ya ajiye aiki, yana zuwa yana durƙusawa a bakin ƙofar nan.

Ni fa abin yana cina. Na tare shi ba sau ɗaya ba. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka sake ni in faɗa mata. Kalma ɗaya ce, ta san ba wulaƙanta Baba ka yi ba. Ai ba ta da zunubi, ba da gangan ta yi ba, kowane malami ka tambaya zai gaya maka."

"Malamai za su gaya mata," ya ce. "Amma kin san Iya. Kina ganin za ta ji sunan Hussaina ta ƙara runtsawa?"

"To kai fa? Haka za ka ƙare, uwarka tana riƙe da kai?"

"Ni na iya ɗauka. Ita ba za ta iya ba."

Na ce masa taurin kai ne kawai irin na gidanmu, daga shi har ita babu mai dama-dama. Ya yi murmushi ya sa hularsa ya tafi.

Iya ta tsufa ƙwarai kafin ta kwanta. Ciwon bai yi tsawo ba. Yaya shi yake duba ta, ta yarda ya riƙe hannunta ya ji bugun jini, amma magani sai dai ya ba ni in ba ta. Ranar ƙarshe, da hantsi, ta farka da hankalinta garau, ta ce a tara mata 'ya'ya da jikoki. Ɗaya bayan ɗaya muka matsa, ta ce ta yafe mana, mu ma mu yafe mata. Yaya yana can gefe a durƙushe, shi kaɗai ya rage. Ta ce kowa ya fita, ni in tsaya.

Ba ta ce in gaya masa ba. Ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

"Kai, matso."

Ya matso a kan gwiwa.

"Ba na so in tafi ina riƙe da kowa," ta ce, muryar ƙasa-ƙasa. "Amma akwai abin da ya daɗe yana damuna, ban taɓa faɗa wa mutum ba. Shekarar nan ta ciwo, wani lokaci in na kwanta sai in ce, anya Likita ba wani abu ya gani ba? Ka gaya mini gaskiya. In ruwan nan nawa ya cuci wani, ka faɗa, in san kana da hujja, in yafe maka. Ya cuci wani?"

Jama'a, abin da ya yi shekaru yana durƙuso a kansa ga shi an miƙo masa. Na kafe shi da ido, zuciyata tana cewa faɗa, faɗa mana, bawan Allah. Ya dubi hannunta da ke cikin nasa.

"Bai cuci kowa ba, Iya," ya ce.

"Ko mutum ɗaya?"

"Ko mutum ɗaya."

Ta saki numfashi mai tsawo. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Alhamdu lillahi." Fuskarta ta saki gaba ɗaya, rabon da in ga Iya haka tun Baba yana da rai. Sa'an nan ta zare hannunta daga nasa.

"Ashe dai haka kawai ka yi wa Malam," ta ce. "To ni ba ni da ta cewa. Sai ka je ka roƙi ubanka."

Ta juya ta fuskanci bango. Bai tashi ba, yana nan durƙushe har aka kira azahar, lokacin ta cika. Shi ya tabbatar, shi ya rufe mata ido.

A tsakar gida na cim masa, mata sun fara kuka a ɗaki. Ban san lokacin da na kama rigarsa ba. Na ce, "Ka cuci kanka, Yaya! Ita ta tambaya da bakinta! Me ya rage kuma da za ka tsare? Awa nawa ta ƙara a duniya?"

Ya bar ni na gama. Idanunsa sun yi ja, amma babu hawaye.

"Kin ga fuskarta da ta ce alhamdu lillahi?"

"Na gani."

"To ya ishe ni."

Ba gaskiya ya faɗa ba, bai ishe shi ba. Ni da na san shi na ga yadda abin ya karya shi, kuma har ya koma ga Allah bai warke ba. Na yi fushi da shi a ranar, na yi fushi da ita, kuma har yanzu in na tuna tausayinsu su biyun sai ya hana ni cin abinci. Ya cire hannuna daga rigarsa a hankali, ya gyara hularsa, ya fita zaure ya gaya wa maza a je a fara haƙa kabari.